Ko Kun Sani?

A garin Vicenza na ƙasar Italiya akwai wani gidan wasan kwaikwayo, Teatro Olimpico, wanda adon dandalinsa ke nan daram tun 1585. Maginin nan Vincenzo Scamozzi ne ya ƙera shi da katako da farar ƙasa, ya fitar da tituna bakwai na birnin Thebes domin wasan farko da aka yi a gidan.

Dabarar kuwa ita ce, daɓen yana hawa sama a hankali, gidajen suna ƙanƙancewa daga gaba zuwa baya, sai ɗan kallo ya ga titi ya miƙe har nesa, alhali 'yan mitoci ne kawai. Fitilun mai ne ke haska titunan a lokacin.

A 1641 kuma, a birnin Venice, wani mai suna Giacomo Torelli ya kafa na'urar igiyoyi da kura a ƙarƙashin dandalin wasan opera, wadda ke sauya dukkan allunan zane a lokaci guda, 'yan kallo na gani. Wannan gwaninta ce ta sa fadar Faransa ta gayyace shi Paris a 1645.