Rana a sama, ƙarancin bitamin D a jiki

Ma'aikacin da ya baro Kubwa tun duku-duku ya shiga mota, ya wuni a ofis cikin sanyin na'ura a Sakatariyar Tarayya, bai fito ba sai bayan la'asar, zai rantse ya sha rana, domin ta dake shi ta tagar mota. Zafin ya ji, amma fatarsa ba ta samu komai ba. Gilashi yana tare sashen hasken da ake kira UVB, wanda shi ne ke taɓa wani sinadari a fata ya mayar da shi bitamin D, kafin hanta da ƙoda su ƙarasa sarrafa shi.

Abuja na kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ma'aunin ƙarfin hasken nan, wanda aka fara amfani da shi a Kanada a 1992, yakan haura 11 da tsakar rana, matakin da ake ɗauka mai tsanani. Sai dai ma'aunin sama yake aunawa. Bai san wanda ke cikin kulle ba, bai san yawan suturar mutum ba, kuma baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara. Hazon hunturu ma yakan rage abin da ke saukowa. Wani nazari da Reagan Mogire ya jagoranta a 2020 ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku a Afirka na da ƙarancin bitamin D.

Inuwa ma ma'auni ce. In ta fi ka tsawo, kamar da sanyin safiya, UVB kaɗan ne. Sai hantsi ya ɗaga ta gajarta sannan fata ke aiki sosai. 'Yan mintuna sun isa, daɗewa ƙuna kawai take ƙarawa. Tabbacin yawan bitamin D a jiki kuwa sai gwajin jini.

Ƙarancin bitamin D yakan lanƙwasa ƙafar yara, amma kada a ɗora wa rashin rana laifin kowace lanƙwasar ƙafa. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, binciken Dakta Tom Thacher na 1999 ya nuna yara masu gwame da bakan ƙafa sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Yaran suna wasa a rana. Madara ce babu a kwanonsu.