Daga Ina Hazon Kano Yake Tasowa?

Ƙurar da ke lulluɓe Kano tsakanin Nuwamba da Maris, kaso mai yawa nata daga arewacin Chadi yake fitowa, daga kwarin Bodele, gindin wani ƙaton tabki da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Iska na kutsawa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwaso farar ƙasa mai laushi kamar gari, ta yo kudu maso yamma da ita.

Ƙurar na isowa birni sai ta tarar da hayaƙin janareta, da na Adaidaita Sahu, da na itacen girki, da na bolar da aka cinna wa wuta. Da asuba iska mai sanyi kan kwanta ƙasa, ta hana wannan haɗin tashi sama, daidai lokacin da yara ke tafiya makaranta.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda ke ratsa huhu har su kai ga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada su wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a yini. Ranar da hazo ya yi kauri, akan ninka haka sau da yawa, kuma masu asma da tsofaffi suke fara jin jiki.