Iya Ruwa Fid Da Kai: Yadda Za Ki Ƙara Sauri A Ninƙaya



Duk 'yar ƙasar Daura ta san labarin rijiyar Kusugu, yadda macijin nan mai suna Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Tun daga zamanin Daurama zuwa yau mu mata ne gwanayen guga da tulu. Amma fa ɗiban ruwa dabam, shigarsa dabam. Mata nawa ne cikinmu za su iya fid da kansu in jirgi ya kife da su?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ranar 30 ga Nuwamba 1921 ba ta dame mu ba, amma 30 ga Nuwamba 2021 ta bar mana tabo: kwalekwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya. A watan Mayu na 2022 kuma, cikin hidimar ƙaramar Salla, irin wannan ya auku a ƙasar Mai'aduwa, nan kusa da mu, yara da dama suka riga mu gidan gaskiya. Wadda ta iya ɗan facal-facal na mita goma ba ta tsira ba tukuna, domin gaɓa takan yi nisa. Abin nema shi ne ki iya cin mita 200 zuwa 400 da sauri, ba tare da numfashi ya ƙare miki ba.

Kada ki ce girma ya zo, ko kuwa wai sai mai ƙarfin damtse. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, saboda haka mai kokawa da shi ita ce ke fara gajiya. Dabara ita ce jari. A 1926 wata budurwa 'yar Amurka, Gertrude Ederle, ta ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila cikin ƙasa da awa 15. Maza biyar ne kaɗai suka riga ta yin haka, ta kuwa fi mai saurin cikinsu da kusan awa 2. Irin iyon da ta yi shi ne na rub da ciki, hannu ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya fi kowane iyo sauri, shi kuma za mu duba.

Da fari, kwanciya. Ki miƙe sosai bisa ruwa kamar tabarma, fuska a ciki, ido na kallon ƙasa. Da zarar kin ɗaga kai, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, ki zama kamar mai jan buhu a baya.

Na biyu, numfashi. Yawancin masu koyo suna riƙe shi ne, shi ya sa suke haki tun ba a je ko'ina ba. Ki riƙa fesar da iska ta hanci da baki tun fuskarki na cikin ruwa. In za ki shaƙa, ki juya kai gefe kawai, kunne ɗaya na cikin ruwa, bayan kowane jan hannu biyu ko uku.

Na uku, hannu. Ki miƙa shi can gaba, ki kamo ruwa da tafi da sangali, ki tura shi baya har cinya. Ki ƙidaya jan hannu nawa ke kai ki ƙarshen mita 25. In adadin ya ragu amma lokacin bai ƙaru ba, to kin ci gaba.

Na huɗu, ƙafa. Bugu ƙanana daga ƙugu sun isa, ban da lanƙwasa gwiwa da yawa. Masuntan Argungu kan hau gora su yi yawo bisa ruwa. Ke ma ki riƙe gora ko jarkar da ba kome ciki, a rufe, ki gwada ƙafa kaɗai.

Sa'an nan babban sirrin, watau rabon ƙarfi. Wadda ta zabura tun farko takan sare a tsakiya. Ki raba mita 400 gida 8, ki yi mita 50 ki huta daƙiƙa 20, wata na riƙe miki da agogo. Burinki na takwas ya zo daidai da na fari. In haka ta samu, ki koma mita 100 sau 4, daga nan 200 sau 2. Sau uku a mako ya wadatar. Sau ɗaya a wata ki yi 400 ɗin a jere, ki rubuta lokacin a littafi. Sannu ba ta hana zuwa.

To, a ina? Ban da kududdufi da bakin dam, domin can ake ɗaukar tsargiya, ga laka mai riƙe ƙafa. A nemi tafkin siminti mai tsabta, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, da mai lura a kusa. Kada ki taɓa shiga ke kaɗai. Batun sutura kuwa an huta, tun 2004 aka fito da kayan iyo na mata masu rufe jiki duka ban da fuska da tafin hannu da ƙafa. Zane da hijabi mai faɗi su kam nauyi suke yi, su naɗe mutum. Mai juna biyu ko mai ciwon zuciya ta fara ganin likita.

Uwargida, ki shawarci maigida, ku haɗu ku biyar ko goma ku nemi a keɓe muku rana ta mata zalla. 'Yan makaranta, ku kai maganar gaban shugabar makarantarku. In kuma tafiya ta kama ta jirgin ruwa, kome gwanintarki ki nemi rigar kariya, kada kuma ki sa 'ya'yanki cikin jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.