Ɗigon man da ke hana kwamfuta mutuwa a zafin Kano

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, akwai ƙorafin da masu gyaran kwamfuta a titin Beirut da ke Fagge suka fi ji: kwamfuta tana aiki lafiya da safe, amma da rana ta take sai fankarta ta fara ihu, ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri, can kuma sai ta ɗauke ɗif ba sallama.

Masu kawo ta ba 'yan wasa ba ne. Akwai ɗalibin ajin ƙarshe da kundin bincikensa ke ciki, akwai ɗan kasuwar Kwari da lissafin bashinsa ke ciki, ga masu tace bidiyo, ga masu shagunan buga takardu da kwastoma ke tsaye a kansu. Akwai kuma cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda aka mayar kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma sau da yawa takan faɗo a tsakiyar bazara.

Wasu daga cikinsu kan fito daga shago da labari mai ɗaci, wai bod ya mutu sai an sake wani. Wani lokacin gaskiya ne. Amma sau da dama laifin na wani abu ne da girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wato man sanyaya da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe mata zafi. A bakin masu gyara, sunansa fes.

Me wannan man yake yi?

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa. A kanta ana ɗora farantin jan ƙarfe, wanda a laftof yake haɗe da wani siririn bututu mai ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana zama tururi a gefen furosesa, ya tafi da zafin zuwa wasu siraran ƙarafa da ke bakin fanka, fanka ta hura shi waje.

Matsalar tana wurin haɗuwar fuskokin biyu. A ido sumul suke, amma da za a duba su da madubin ƙara girma, za a ga ramuka da tuddai. Idan aka haɗa su haka nan, iska ce ke cike ramukan, ita kuwa iska ba ta iya ɗaukar zafi. A ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, jan ƙarfe yana da kusan 400, iska kuwa ba ta kai 0.03 ba. Man sanyaya na gama-gari yana tsakanin 1 zuwa 10.

Waɗannan alƙaluma sun bayyana abin da yaran shago da yawa ba su gane ba. Man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar jan ƙarfe ba. Aikinsa cike ramuka ne kawai. Wanda ya lafta shi da kauri kamar mai shafa bota a burodi, katanga ya gina tsakanin furosesa da ƙarfen.

Yawancin furosesoshin Intel na laftof suna da iyaka kusan digiri 100. Idan suka matso nan sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, shi ne nauyin da mai kwamfuta ke ji. Idan hakan bai wadatar ba sai su kashe kansu.

Dalilin da abin ya fi tsanani a nan

Mafi yawan laftof da ake sayarwa a titin Beirut da Sabon Gari 'yan Beljiyam ne, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin a shigo da su. Dila yakan goge jiki, ya sa sabon Windows, wataƙila ya ƙara ram. Ba kasafai yake buɗe ƙarfen sanyaya ba, don haka man da kamfani ya sa tun ranar ƙera ta yana nan, ya bushe ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani.

Sai kuma ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu fanka tana zuƙar ta, tana haɗuwa da zaren tufafi ta zama wani abu kamar auduga a bakin mafitar iska. Kwamfutar na iya jurewa a lokacin sanyi. Da bazara ta shigo, iskar ɗakin da ake son ta sanyaya ƙarfen ita ma zafi gare ta, musamman idan an ɗauke wuta. A ƙara da ɗabi'ar ɗora laftof a kan katifa ko dardumar ɗaki, abin da ke toshe ramukan ƙasa.

Don haka sake man kaɗai ba tare da wanke fanka ba rabin aiki ne. Mai gyaran da ya hura bulowa ta waje ya miƙo kwamfuta, shi ko rabin bai yi ba.

Wanne za a saya?

A shagunan kayan gyara za a ga iri-iri. Akwai farin man silikon mai arha da ke zuwa a gwangwani ko leda, wanda masu gyaran rediyo da amfilifaya suka daɗe da sani. Yana aiki a wurinsa, amma a laftof mai zafi yana saurin bushewa. Akwai masu launin toka 'yan Chaina irin su HY510 da GD900, waɗanda suka fi yawa a teburin masu gyara. Sai kuma masu suna da ke zuwa a sirinji, irin su MX-4 na kamfanin Arctic, da NT-H1 na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, da na kamfanin Thermal Grizzly na Jamus.

Tsakanin masu kyau ɗin, bambancin yawanci 'yan digirori ne, bai kai a yi ta cacar baki a kai ba. Babban rata yana tsakanin busasshen man da sabo, da kuma tsakanin na gaskiya da jabu. Lambar da ake bugawa a kwali ma ba abin dogaro ba ce sosai, domin kamfanin ne ya auna kayansa da kansa. Sirinji mai babban suna da ake sayarwa a farashin na leda ya isa ya sa mai saye ya ja da baya.

Ga laftof, mai ɗan kauri ya fi. Furosesar laftof ba ta da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, kuma yawan ɗumama da hucewa yakan tura man mai ruwa-ruwa gefe a hankali har tsakiya ta zama fayau. Wannan ya sa wasu ƙwararru suka koma wa wani siririn faifai na kamfanin Honeywell mai suna PTM7950, wanda ke narkewa idan zafi ya kai kusan digiri 45, ya daskare idan ya huce.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a guje wa. Na farko man goge baki da man shafawa da giris ɗin mota, waɗanda bidiyoyin TikTok ke yaɗawa. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, yana bushewa cikin ɗan lokaci. Na biyu shi ne ruwan ƙarfe, wanda ake yi da sinadarin galiyam. Ya fi kowane man ƙarfi, har kamfanin Sony ya sa shi a PlayStation 5 da ya fitar a 2020, amma da shinge na musamman da ke hana shi zuba. Yana ɗaukar wutar lantarki, ɗigo ɗaya a kan bod ya isa ya ƙona shi, kuma yana cinye alminiyam. Ba kayan gwaji ba ne a kan kwamfutar kwastoma.

Yadda aikin kirki yake

Mai gyaran da ya san hannunsa yakan cire caja, ya zare wayar batir daga bod kafin ya taɓa komai. Yana kwance notunan ƙarfen sanyaya kaɗan-kaɗan, ya ɗan murza shi kafin ya ɗaga, domin busasshen man yana kamawa kamar gam. Yana goge tsohon da sifirit da ƙyalle mai laushi har fuskokin biyu su yi ƙyalli. Kankarewa da bakin sukurdireba ko reza yana ƙara ramukan da ake son cikewa, fetur da tina kuma suna iya cin roba su bar maiƙo.

A furosesar kwamfutar tebur, ɗigo kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, matsin ƙarfen zai baza shi. A laftof ana son kamar ƙwayar shinkafa, a shimfiɗa shi siriri ya rufe ko'ina, domin duk kusurwar da ta rasa man za ta yi zafi ita kaɗai. Sai a mayar da ƙarfen sau ɗaya, a ɗaure notuna bisa lambobin 1, 2, 3, 4 da aka buga a jikinsa. Idan aka sake ɗagawa don a leƙa, iska ta shiga, sai a goge a sake.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne cire ƙananan katifun roba da ke kan wasu sassan bod a maye gurbinsu da man. Katifun suna cike tazara mai faɗi ne, wadda man ba zai iya cikewa ba.

Mai kwamfuta ba sai ya iya buɗe ta ba kafin ya san ko an yi masa aiki. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da ke nuna zafin furosesa. A duba kafin a kai gyara, a rubuta lambar, a sake dubawa a shagon kafin a biya. Laftof da ke zaune ba ta aikin komai amma tana nuna digiri 80 ko sama, akwai magana. Idan an wanke fanka an sake man amma lambar ba ta sauko ba, to sai a duba ko fankar tana juyawa, ko kuma bututun jan ƙarfen ne ya huje, wanda shi ba ya gyaruwa sai dai a samo wani daga jikin matacciyar kwamfuta irinta.