Mai shela kan riga mai ɗigo zuwa

A shekarar 1988 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da shan inna. A lokacin tana nakasa yara wajen dubu 350 kowace shekara. Kakanninmu sun ɗora laifin ga aljana Inna, alhali ƙwayar cuta ce mai bin kashi ta shiga ruwan sha.

Rigakafinta ɗigo biyu ne a baki, amma sai maigida ya yarda tukuna. A 2003 jita-jita ta bazu, wai ɗigon yana hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da aikin har 2004, cutar ta watsu ƙasashe da dama, mu ma nan Nijar ba mu tsira ba. Sai da sarakuna, limamai da gidajen rediyo suka yi ta bayani, wasu shugabanni suka miƙa ƴaƴansu a gaban jama'a, sannan zukata suka kwanta.

A 2020 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sanar cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka. Wani nau'inta dai yakan ɓullo inda aka tsallake yara. Don haka, in maigari ya sa aka yi shela, mu tsai da duk yaron da bai kai shekara 5 ba a gida, kada ya bi mu gona. Da marece mu duba ɗan yatsansa, mu ga shaidar tawada.