Jirgin iyali: kujera huɗu, amma nauyi ne ke yanke hukunci

Idan kana yawo a YouTube, ƙila ka taɓa cin karo da su: magidanci a Amurka yana tuƙa ƙaramin jirginsa, uwargida a gefe, yara biyu a baya an toshe musu kunne saboda ƙarar inji. Sai ka ce ai kuɗi ne kawai. To, mai kuɗin ma sai ya zauna ya yi lissafi.

Ɗauki Cessna 172, wanda ake sayarwa tun 1956. Kujera huɗu gare shi, amma duk abin da zai ɗauka, har da mai, bai wuce wajen kilo 400 ba. Ka cika tanki, sama da kilo 140 sun tafi. Saura baba, mama, yara, kujerar jariri da jakunkuna. Yau zai ɗauke su. Nan da shekara biyar fa, yaran sun girma? Dole a rage mai, a riƙa yada zango a hanya.

Shi ya sa wasu ke komawa Cessna 206 mai kujera shida. Wasu kuma Cirrus SR22 suke nema, saboda laimar ceton da aka haɗa masa: idan inji ya mutu, matuƙi ya ja maɗauri, jirgin da mutanen cikinsa su sauko tare. Ni dai shi ya kwanta min a rai, sai dai sabonsa yana kaiwa wajen dala miliyan ɗaya.