LAUYA KYAUTA DOMIN MASU NAƘASA

Jama'a, a cikin masu zuwa disfansare akwai guragu waɗanda shan-inna ta taɓa tun suna yara, akwai makafi da kurame, akwai kuma waɗanda kuturta ta ci wa yatsu kafin su sami magani. Malamin disfansare yana iya wanke maka gyambo ya ba ka ƙwaya, amma ba shi da ikon karɓo maka gonar da aka danne maka don an ga ba ka gani. Wannan aikin shari'a ne. To, yau za mu gaya muku inda a ke samun mai tsaya wa mutum a gaban shari'a ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba.

Da fari dai ku san akwai doka. A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda naƙasa. Wanda kotu ta kama da wannan laifi, tararsa naira 100,000 ce, ko ɗaurin wata 6, ko kuwa a haɗa masa duka biyu. In kamfani ne, tarar naira miliyan 1 ce. Dokar ta ce ɗa mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta ce a keɓe wa masu naƙasa kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta kuma hana a riƙa yawon bara da su. An ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024, amma kowa ya je birni ya ga matakalai suna nan tuli. Doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami mai kai ƙara.

A nan ne talaka ya kan ja da baya, ya ce ina shi ina kuɗin lauya. Tun 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ba da taimakon shari'a kyauta. Babban ofishinta yana Abuja, tana kuma da ofis a babban birnin kowace jiha. Sunan da za ku gani a allon ƙofa shi ne Legal Aid Council. Lauyoyinta albashin Gwamnati su ke ci, ba kai za ka biya su ba. Sharaɗin shi ne kada abin da ka ke samu ya wuce mafi ƙarancin albashi, wanda aka mai da naira 70,000 a wata a 2024. Suna kare wanda a ke tuhuma da laifi, suna neman diyyar haɗari, suna kuma bin haƙƙin wanda aka tsare ko aka wulaƙanta ba bisa doka ba. Sau da yawa ma ba a kai wa kotu. Su kan kira ɓangarorin biyu a sasanta a ofis. Mata da 'yan mata kuwa suna iya zuwa wurin ƙungiyar lauyoyi mata da a ke kira FIDA, ita ma kyauta ta ke yi.

Bari mu tsaya kaɗan a kan gado, don nan ne aka fi cutar masu naƙasa a ƙauye. Uba ya rasu, sai wa ya ce shi zai riƙe wa makaho rabonsa, tun da ba zai iya noma ba. Shekara ta zo ta wuce, ba damin gero, ba kuɗin aro, daga baya sai a ji an sayar. Ku sani makanta, ko gurguntaka, ko kurumta, ba ɗaya daga cikinsu da ke hana gado a shari'ar Musulunci. Ko mai taɓin hankali yana da rabonsa, sai dai a sa waliyyi ya kula masa da shi, kuma riƙon amana ne, ba mallaka ba. In an hana ka, je ka wurin alƙali, ka tafi da dattawan da suka san iyakar gonar tun suna da rai.

Sa'an nan maganar rauni a wurin aiki. In inji ya yanke maka hannu, ko ka faɗo daga gini, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ka sanar da mai aikin cikin kwana 14, ka kuma nemi diyya kafin shekara 1 ta cika. Mutane da yawa su kan koma gida jinya, sai lokaci ya wuce su. Ga inda disfansare ke da amfani: katin da aka rubuta maka ranar da ka zo da raunin shaida ce babba. Kada ka naɗe ƙuli-ƙuli da shi. Ajiye shi cikin leda tare da takardar likita da rasit na magani.

Kurma ko bebe da aka kai kotu bisa tuhuma, a nemi a kawo mai fassara da hannu, domin tsarin mulki ya ba wanda a ke tuhuma tafinta kyauta in ba ya fahimtar abin da a ke faɗa. Makaho kuma kada ya dangwala yatsa a kan wata takarda sai wanda ya amince da shi ya karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe.

In za ka ofishin, tafi da mutum guda wanda ya san maganar, da takardunka duka. Sa wani ya rubuta maka abin da ya faru, da ranaku, da sunayen shaidu, a takarda ɗaya. In wani a bakin ƙofa ya ce sai ka ba shi wani abu kafin ka ga lauya, kada ka bayar. Nemi ganin shugaban ofis. In kuwa tafiyar ta fi ƙarfinka, tura ɗan'uwa da takardar tukuna, ya ji ranar da a ke son ganinka, don kada ka yi asarar kuɗin mota.